Furar da Malam Cika Ya Ce Bai So

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A ofishin malamai tambaya, a gidan suna tambaya, har mai yi mini ɗinki ta ajiye almakashi ta ce, "Malama Kulu, wai mi ya hwaru tsakaninki da Malam Cika can bayan Kajiji?" Sai ka ce Makka na je na dawo, alhali tafiyar duka daga nan Boɗinga ce zuwa ƙasar Shagari. Bakina ya gaji da maimaici. Ga shi nan na rubuta, duk wanda ya sake tambayata zan miƙa masa ya karanta da kansa.

Wata ƙungiya mai tallafa wa makarantun karkara ce ta kawo tabulet, wato wayar nan mai faɗin faranti, tare da faifan sola na caji. A cikinsa akwai ƙirƙirarriyar basirar nan da ake yayi, wadda za ka yi wa tambaya ta amsa maka kamar mutum, ta tsara maka darasi, ta rubuta maka jarrabawa. Mu a makarantarmu Na-Waya muke ce masa, don mazan sun yanke hukuncin cewa abu mai ilimi haka ba zai zama mace ba. Kowace makaranta guda za a ba ta, a hannun malami guda. Wanda ya riƙe shi ya zama na ƙungiya, za ta riƙa ba shi ɗan alawus tana kiransa horo Sakkwato. Sharaɗin kuma ɗaya ne: a ba wanda ya fi nuna sha'awa.

Malam Cika, malaminmu na Turanci, shi aka naɗa jagoran tawagar da za ta kai wa wata makaranta nata tabulet. Ni kuwa an saka ni ne don ƙungiya ta ce dole a ga mace a tawaga. Aikina riƙe jakar caja.

Ba don riƙon jaka na karɓi tafiyar ba. Makarantar da aka tura mu tana wani ƙauye bayan Kajiji da ba zan kama sunansa ba, kuma nan Ige take koyarwa. Tare muka yi kwalejin horon malamai da ita, gadonta a sama nawa a ƙasa. Bafulatana ce mai kai kamar me, ita ke koya mana lissafi in jarrabawa ta matso. Ta daɗe tana koyarwa a ƙauyen mijinta a matsayin 'yar sa-kai, babu albashi sai "Allah shi yi albarka". Ita kaɗai ce mace a cikin malaman makarantar, kuma saboda ita iyaye ke barin 'yan matan aji biyar da shida su ci gaba da zuwa. Goggona Tumba da ke aure a Kajiji ta gaya mini a waya cewa mijin Ige ya yanke magana: in aka girbe gero ba a ga wani abu ya fito daga wannan koyarwa ba, ta koma gida ta kama sana'ar nono kamar sauran matan gidan. Ige da kanta ba ta taɓa gaya mini ba. In na kira ta, lahiya lau, yara lahiya, shanu lahiya. Ga shi gero ya riga ya fitar da kai. In tabulet ɗin nan ya shiga hannunta ta tsaya a aji, in bai shiga ba ta tafi ke nan.

Mun yi da Malam Cika mu haɗu a tasha da hantsi. Sai bayan azahar ya iso, cikin babbar riga da ta sha sitaci, wai ya tsaya Na-Waya na gyara masa jawabin da zai gabatar. Ga wanda bai san shi ba, Malam Cika ba mugun mutum ba ne. Matsalarsa, tun da ya samu Na-Waya ya daina tambayar ɗan'adam komai. Ko hadari ya haɗo baƙi ƙirin a kansa, ba zai ɗaga kai ba sai ya tambayi waya ko za a yi ruwa.

Aka cusa mu a ƙaramar mota. Shi a gaba, ni a baya tsakanin kwandon kaji da wata dattijuwa mai kai ƙuli-ƙuli kasuwar Shagari. Ko fita gari ba mu yi ba ya buɗe aji. Ya gaya wa direba cewa nan gaba kaɗan yaro ba ya bukatar malami, ya gaya wa wani mai rawani cewa abin nan ya haddace littattafan duniya kaf. Direba ya ce a tambayar masa dalilin ƙarar da injinsa ke yi. Na-Waya ya jero dalilai, ya ƙara da cewa direban da ke lura da ƙarar injinsa direba ne mai hankali. Direba ya washe baki har ya kusa kai mu gonar mutane.

Sai dattijuwar nan ta gyara lulluɓi ta ce, "Malam, ni ko in tambai?"

"Tambayi, Inna."

"Abin ga, ya taɓa ce maka bai sani ba?"

"Ko sau guda! Komi ya sani."

"To, Allah shi kyauta. Ni dai mutum guda na sani da bai taɓa cewa bai sani ba, ƙarshe gaban alƙali anka kai shi."

Malam Cika ya waiwayo ya dube ni ta saman tabarau. "Kin ji ko, Malama Kulu? Matsalarku ke nan mata, tsoro. Duk inda na je haka na tarar. Maza su rungumi ci gaba, mata su tsaya suna leƙe ta bayan ƙyaure."

Dattijuwar ta miƙo mini ƙuli-ƙuli, muka yi ta gurguza muna kallon ƙeyarsa.

Kada ku tambaye ni inda ƙasarmu ta ƙare ta Shagari ta fara, gero iri ɗaya ne hagu da dama. Abin da na sani, mun iske shinge na ganguna da gungumen itace, da 'yan sintiri a gindin bishiya. Ɗayansu ya leƙo ya nuna kwalin da ke kan cinyar Malam Cika ya ce, "Mi na wanga?" Da an ce masa kayan makaranta ne da tuni mun wuce. Ina! Malam Cika ya samu sabon ɗalibi. Ya fita daga mota, ya buɗe kwali, ya kunna. Mutumin ya jingine bindigarsa, ya yi ƙasa da murya ya ce a tambayar masa ko mutum mai 'ya'ya zai iya komawa ya rubuta jarrabawar sakandaren da ya bari. Wallahi tambayar ta ba ni tausayi. Na-Waya ya ce zai iya, ya kuma ce irin wannan himma sai jarumi. To, nan fa aka ɓata. Jarumi ya kira abokansa, kowa ya zo a gaya masa shi ma jarumi ne. Mu kuwa muna cikin mota muna dahuwa mu da kaji.

Dattijuwar ta leƙa ta taga ta ce, "Wanga ba waya ba ta, maroƙi na. Kalangu kaɗai ya rage mashi."

Sai da la'asar ta yi muka shiga Shagari. A tasha na sayi ɗanwake da zafinsa. Malam Cika kuwa ya tsaya gaban wani mai tsire da namansa ya wuni a rana yana gumi. Na ce masa, "Malam, naman ga da alama na jiya na." Ya ce ƙamshin kaɗai ya isa shaida, ya sa aka barbaɗa masa yaji, ya share tas. Kafin motar Kajiji ta cika rana ta yi sanyi. Da muka isa Kajiji babu ɗan kabu-kabun da zai ɗauke mu ya shiga daji a irin wannan lokaci, dole muka kwana gidan Goggo.

A nan ya kamata in yi wa 'yan birni bayani. Mu a Boɗinga, in an yi maka tayin abinci, ka ce alhamdulillahi, a sake yi maka, ka sa hannu, magana ta ƙare. Can kuwa, cikin masu shanu, fulako, wato kunyar Fulani, ba abin wasa ba ne. Mutum zai yi ta ƙi har tuwo ya huce, mai gida kuma ba ya ma sauraron ƙin, don ya san ba da shi ake ba. Ka buɗe baki ka ce kana son abu, wannan abin kunya ne da za a riƙa yi wa jikokinka gori da shi. In da gaske kake son ba mutum abu, ba ka tambayarsa. Ka ajiye masa, ka juya, ka tafi.

Aka sauki Malam Cika a zaure wajen Baffa Dikko, mijin Goggo. Bayan magariba aka fitar musu da tuwon dawa da miyar kuka, man shanu na yawo a kai. A daidai lokacin ne kuma tsiren Shagari ya fara motsi. Ina tsaye bayan ƙofar zaure da butar ruwa, ina jin su.

"Bismilla, Malam."

"Alhamdulillahi, Baffa, wallahi cikina ba daɗi."

"Ai mun san kunya. Sa hannu."

"Baffa, da gaske nike, cikina na murɗa."

"Madalla da tarbiyya. Ɗan mutunci ke nan. Matso da akushin gabanka."

Duk rantsuwar da ya yi, sai Baffa ya ƙara yaba wa iyayen da suka haife shi, ya ƙara turo akushi. Bawan Allah ya ci tuwon nan yana zufa. Abin da ya biyo baya tsakaninsa da buta ba nawa ba ne in faɗa.

Ni kuwa a tsakar gida na nuna wa Goggo Na-Waya a tawa wayar. Ba ta tambaye shi abin da ba ta sani ba. Ta ce, "Tambai shi, gero da dawa, wa ka riga nuna?" Ya ce gero. Ta ce, "Ce mashi ƙarya shikai, dawa ta." Na ce, "Goggo, ai daidai ya faɗa." Ta ce, "Ke dai hwaɗa mashi." Na rubuta. Sai ga amsa: in yi haƙuri, gaskiyata, lalle a wurare da dama dawa kan riga.

Goggo ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. "Wanga ya yi zaman aure! Wallahi ya yi zaman aure! 'Gaskiyarka Malam, ka yi haƙuri.' Da ita nike kashe gardamar Baffanku tun ina amarya. In na ce mashi gaskiyarka, ba don shina da ita ba na, tukunyata na kan wuta na."

Na daɗe ina neman abin da ke hana ni sakin jiki da Na-Waya, sai ga Goggo da ko aji ɗaya ba ta yi ba ta faɗa tana tsince wake. Ba tsoro ba ne. Maza in suka ji "gaskiyarka" sai su ɗauka gaskiyarsu ce. Mu mata kuwa mun san masu faɗar kalmar, mun san kuma dalilin faɗarta.

Da safe Malam Cika ya fito ido ya faɗa, sitacin riga ya mutu. Na-Waya ya ba shi shawarar ya huta da abinci har rana ta take, don haka kafin Baffa ya fito da koko ya ja ni muka gudu bakin hanya. Muna jiran 'yan kabu-kabu yana ta mita.

"Mutanen ga ba su san a'a ba, Malama Kulu. In ka ce a'a, i suke ji. Nan duk wanda ya ce bai so, to shi na mai so."

Ku riƙe wannan maganar. Da bakinsa ya faɗe ta, ba wanda ya matsa masa.

Hanyar ƙauyen ba hanya ba ce, sawun shanu ne da ruwan sama ya jiƙa. Babur biyu muka ɗauka. Nawa ya bi a hankali, shi kuwa ya ce wa nasa a yi sauri jama'a na jiransa, sai ga su cikin taɓo shi da direba, babbar riga ta koma kalar kunun kanwa. A bakin wani rafi dole aka sauka. Ya naɗe wando, ya ɗora kwalin tabulet a ka, ya shiga ruwa yana salati. Wasu mata masu tallan nono suka tsaya a gaɓa suna kallon ci gaba yana tsallake rafi.

Makarantar gini biyu ce, ɗaya iska ta yaye rufinsa. Sabis ba ya kamawa sai a gindin wata bishiyar dogon yaro da ke kan tudu, don haka nan aka jera benci. Hedimasta, Malam Modi, dattijo ne mai sanyin magana, kuma wan mijin Ige ne uwa ɗaya uba ɗaya. Sai Malam Sanda, wanda ya taɓa zama Legas kuma ba ya barin kowa ya manta, da wasu malamai maza. Ige ta rungume ni, ta rame amma murmushin na nan. Ta shimfiɗa mana tabarma can gefe, nesa da bencin maza, ta zauna ta juya wa surukinta rabin baya.

Malam Cika ya karanta jawabinsa da Turancin da ko shi sai da ya yi tuntuɓe a ciki. Sannan aka ce kowa ya gwada. Kai, zo ka ga rububi! Malam Sanda ya ce a rubuta masa jawabin ranar rabon sakamako da manyan kalmomi, waɗanda iyayen yara ba za su gane ba. Wani ya ce a rubuta masa takardar neman canjin wurin aiki zuwa birni. Hedimasta ya ce a fitar masa da tambayoyin jarrabawa na kowane aji. Kafin ya rufe baki sun fito. Ya ce madalla, ya sa a adana, ko karantawa bai yi ba. Ni da na leƙa na ga har da tambayar abin da ake yi in fitilar kan titi ta nuna ja, ga yaran da ko kwalta sai ranar kasuwa suke gani.

Ige na kan tabarma tana kallo. Da aka ɗan tsagaita, maza suka kewaye tabulet, sai ta miƙo hannu ƙasa-ƙasa ta ce in ba ta wayata. Ta rubuta wa Na-Waya ya ba ta ɗan gajeren labari na 'yan aji uku, a kan yarinya da saniyarta. Ta karanta tana cije leɓe.

"Dubi, Kulu. Yarinya ta tatsi saniya da rana tsaka, ta sa nonon cikin firji. Wanga bai taɓa ganin saniya ba." Ta sake karantawa. "Amma kin san ba mu da littahin karatu ko guda aji uku? Allo nike cikawa kullum, in goge, in sake. In shi rubuta in gyara, kowace sahiya yara na da sabon labari. Ko in ba 'yan matan aji shida su nemo inda ya yi shirme, wadda ta kama shi ta ci. Ka ga sun koyi karatu, sun koyi kada su yarda da duk abin da anka rubuta."

Idonta na ƙyalli, rabon da in gan shi haka tun muna kwaleji. Na kama hannunta na ce, "To in an tambaya, ki buɗe baki ki ce kina so."

"Gaban Yaya Modi? Kulu, kin taɓa jin na ce ina son wani abu?"

"Ige, gero ya kusa."

Ta dube ni, ta gane Goggo ta yi magana. Ta sunkuyar da kai ta mayar mini da wayata.

Malam Cika ya tafa hannu ya ce lokacin zaɓe ya yi, wa ke son riƙe tabulet? Malam Sanda ya miƙe har benci ya kifa da na ɗaya gefen. Sauran ma suka ɗaga hannu, amma Sanda ya ɗaga biyu. Malam Cika ya ɗan juyo wajen tabarmarmu, kamar mai cika ƙa'ida.

"Malama, ke hwa?"

Ige ta ja hijabi ta rufe rabin fuska. "A ba su Malam. Na gode."

"To, kun ji."

Na ce, "Malam Cika, a sake tambayarta."

"Malama Kulu, sharaɗi sharaɗi na. Da bakinta ta hwaɗi." Ya ɗaga tabulet sama don kowa ya shaida, ya tambayi Na-Waya ko ba gaskiya ba ne mata na gudun fasaha. Na-Waya ya fara kewaye-kewaye, wai abin na da dalilai da yawa. Malam Cika ya ce shi da idonsa ya gani yanzu-yanzu. Sai Na-Waya ya ce gaskiyarsa, abin da ya lura da shi abin lura ne ƙwarai. Maza suka yi shewa. Aka sanar cewa bayan sallar azahar za a damƙa wa Malam Sanda, a ɗauki hoto a aika wa ƙungiya.

Raina ya ɓaci, ɓacin da na daɗe ban yi irinsa ba. Na ji kamar in karɓe farantin nan in fasa a kansa. Mutumin da ya gama yi mini karatun fulako da safe, yanzu ya manta, don mantuwar ta yi daidai da abin da ya taho da shi tun daga tasha. Na waiwaya in yi wa Ige magana, ba ta nan.

Ashe gida ta tafi. Duk baƙon da ya zo makarantar ita ke ciyar da shi, don ita ce mace. Can sai ga ta tana hawowa tudu da ƙwarya a ka, an rufe da faifai, ludayi a sama. Matar da aka gama hanawa ce ta je ta dama wa wanda ya hana ta fura. Na tare ta na sauke mata. Nono ne kindirmo mai kauri, ƙwaryar har raɓa take don sanyi, ƙamshin citta da kanumfari na tashi.

Sauran malamai sun tafi alwala. Malam Cika na zaune a gindin bishiya ya jingina, leɓe ya bushe, rabonsa da abin da ya zauna a cikinsa tun jiya. Malam Sanda na gefe yana goge gilashin tabulet da hannun riga. Ige ta durƙusa nesa kaɗan, na ajiye ƙwarya a gaban jagora na ɗaga faifai.

Ta ce, "Malam, ga ɗan ruwa."

Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya gyara zama, ya kawar da kai irin na 'ya'yan mutunci, idonsa ɗaya na kan ludayi.

"Haba Malama, da ba ki wahal da kanki ba. Alhamdulillahi, a ƙoshe nike."

Ban bari ya ja numfashi ba. Na mayar da faifai, na ɗauke ƙwarya.

"To Ige, kin ji. Bai so. Malam Sanda, kai hwa, kana so?"

"Ni? Ƙwarai kuwa!"

Na dire masa. Sanda ya ajiye tabulet, ya ce bismilla, ya ture ludayi gefe ya kafa kai. Ana jin wucewar furar nan daga inda nake tsaye. Ige ta zaro ido, ta rufe baki da hijabi, ban sani ba ko kunya ce ko dariya.

Malam Cika ya taso ya ja ni gefe. "Malama Kulu, wane irin wulaƙanci na wanga? Ke ba ki san al'ada ba? Ai sai an sake tayi! Wa ka cewa shina so tun tayin hwarko?"

Na ce, "Au. Ashe ka sani."

Ya dubi Ige da ke durƙushe, ya dubi Sanda da ya ɗaga ƙwarya sama yana kalato na ƙasa. Sai ya ɗauki buta ya tafi alwala.

Bayan salla aka taru don hoto. Malam Sanda ya gyara hula, fura a gemu. Malam Cika ya yi gyaran murya ya ce ya tuna akwai wata ƙa'ida ta ƙungiya, wadda ta ce dole a sake tayi kafin a damƙa. Ni dai na karanta takardar ƙungiya daga sama har ƙasa ban ga wannan ƙa'ida ba, amma ranar ban yi gardama ba. Ya juyo.

"Malama Ige, ko za ki riƙe?"

"Malam Sanda ya hi ni bukata."

Na ce shi ke nan, ta sake kashe kanta. Malam Cika ya tsaya da tabulet a hannu, ya dube ni, na dube shi. Sai ya taka har bakin tabarma, ya sunkuya ya ajiye shi a gabanta, ya miƙo hannu na ba shi jakar cajar da na yi ta dako tun Boɗinga, ya ɗora a kai. Ya juya ya tafi abinsa bai waiwaya ba.

Sanda ya yi tsalle. "Ai ta ce ba ta so! Kowa ya ji!"

Hedimasta, wanda tun safe bai ɗaga murya ba, ya ce, "Sanda, kai ka sha rabonka. Zamna."

Ige ba ta taɓa shi ba sai da mazan suka watse. Sannan ta jawo shi a hankali ta sa ƙarƙashin hijabi, ta riƙe da hannu biyu. Ba ta yi godiya ba, ni ma ban nema ba, don na ga hawayen da take ɓoyewa. Hoton da aka aika wa ƙungiya na tabulet ne a kan tabarma, da gefen ƙafar Ige.

Da muka zo hawa babur, sai ga gora an ɗaure a bayan na Malam Cika, an toshe bakinta da tsumma mai tsabta. Ba wanda ya tambaye shi, ba wanda ya ce ga shi. Muna tsallake rafi ya ce a tsaya. Ya zauna a kan wani dutse ya kwance gorar, ya sha furar nan har sai da ya ɗaga ta sama. Ko tayi bai yi mini ba.

Masu tambayar Ige, an girbe gero, an kai rumbu, tana aji. 'Yan matanta sun mayar da kama Na-Waya da shirme wasan kowace Alhamis, an ce har tafi suke yi in ya ba da haƙuri.

Saura abu guda, wanda ya faru a motar dawowa. Wannan karon kujera ɗaya muka zauna a baya. Mun wuce shingen jarumai ke nan na ga ya zaro waya yana rubutu, na saci kallo. Tambaya yake ko hukuncin da ya yanke na ba mace tabulet daidai ne. Amsa ta fito nan take: gaskiyarsa, wannan hukunci ne na mai hangen nesa. Ya daɗe yana kallon rubutun. Sannan ya kife wayar a cinya, ya juyo gare ni, abin da bai taɓa yi ba tun da Na-Waya ya shigo makarantarmu.

"Malama Kulu, ke mi kinka gani? Dama can ni ina da niyyar ba ta, gwada ta kawai nike. Ko ba haka ba?"

Na gyara mayafina na ce, "Gaskiyarka, Malam."

Ya dube ni, ya dubi wayar.